Tabon Ruwa a Gilashin Mota: Shin Asid Ne Maganinsa?

Ma'aikaci, Gyallesu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana harkar mota da ke wannan zaure. Gilashin gaban motata da gilasan ƙofofi sun cika da wasu fararen ɗige-ɗige masu zagaye, waɗanda ba sa fita ko an wanke da sabulu an tsane da tawul. Da rana ba su cika hana ni gani ba, amma idan na taso daga Kaduna bayan isha'i, hasken fitilun motocin da ke tahowa yakan tarwatse a kan gilashin, har ya zama tsakanin Jaji da Ɗan Magaji da ƙyar nake hango mai babur ko mai tafiya a gefen titi. Wani mai wankin mota ya ce yana da ruwan da zai share su cikin 'yan mintuna, sai dai a tsohuwar gorar ruwa yake ajiye da shi, babu suna babu rubutu, kuma na lura ba ya yarda ya taɓa masa hannu. Kafin in miƙa masa mukulli ina so in ji ta bakinku.

Mai wankin mota, Kwangila

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Abin da kake gani tabon ruwa ne, kuma mu da muke wannan sana'a kullum muna cin karo da shi. Ruwan rijiya ne ko na burtsatse ya bushe a kan gilashi mai zafi kafin a tsane shi, aka yi ta maimaita haka har ya kama. Ruwan da aka nuna maka asid ne, a jarka ake sayensa a sirka da ruwa, kuma gaskiya yana aiki: ana shafawa da soso, a ɗauraye nan take, gilashi ya fito fes. Ban ce ba shi da haɗari ba, domin idan aka bar shi ya jima yakan bar hazo-hazo, amma a hannun wanda ya iya ban ga abin da ya kai shi sauri ba. Mutum ne zai kawo mota ya tsaya a kanka yana duba agogo, ba zai jira ka yi ta murza lemun tsami ba.

Malamin kimiyya, Samaru

Malam mai wanki ya faɗi daidai game da asalin tabon, amma a kan maganin ne nake so mu tsaya sosai. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, musamman kalsiyam da magnesiyam, wani lokaci har da ƙarfe da silika. Idan ɗigon ruwa ya bushe, ruwan ne kaɗai ke tashi, ma'adinan su zauna, shi ya sa kowane tabo yake da zobe a bakinsa. Duk wanda ya leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi kullum ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta, to shi ne a kan gilashin nan. Rijiyoyin garin nan na Zariya kuwa ba ɗaya suke ba, wadda ruwanta ke da ƙarfe da yawa tabonta ja-ja yake yi.

Sabulu ba ya narkar da wannan ɓawo, domin aikin sabulu ɗaga maiƙo ne. Tsami ne ke narkar da shi, kuma ba sai mai ƙarfi ba. Farin khal, wato binega, da ake sayarwa a kantuna, wanda asid ɗin cikinsa kimanin kashi 5 cikin 100 ne, ya isa ga tabon da bai tsufa ba. A kai mota inuwa, a bari gilashi ya huce, a wanke ƙura da ruwa mai yawa. Sannan a haɗa khal da ruwa mai tsabta rabi da rabi, a jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa shi a kan wurin na minti 5 zuwa 10 ba tare da an bar shi ya bushe ba, a murza, a ɗauraye, a tsane nan take. Idan bai gama fita ba a sake, ko a sa khal ɗin ba sirki. Abin da ya gangara kan fenti da roba a wanke shi da ruwa kafin ya bushe. Ruwan lemun tsami da aka tace ma yana yin wannan aiki.

Ruwan gorar nan shi ne damuwata. Daga cikin ruwan da ake sayarwa don wanke rim da cire tabon ruwa akwai masu ɗauke da asid na haidrofulorik ko danginsa, kuma wannan asid gilashin kansa yake ci, da shi ake zana ado a jikin gilashi. Gilashi yakan fito fes ne saboda an cinye samansa tare da tabon, kuma ba ya ci daidai wa daida. Mafi muni, idan sirkakke ne ya taɓa fata ba ya yin zafi nan take, sai ya ratsa ciki, bayan sa'o'i ciwo mai tsanani ya taso a ƙarƙashin farce, har yakan kai ga ƙashi. Yaran da ke shafa shi da hannu tsirara sun fi gilashin ba ni tausayi.

Tsohon direba, Ƙofar Doka

Madalla da wannan bayani, Malam. A zamaninmu, lokacin da Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika tashoshi, ba mu san wani ruwan gora ba. Lemun tsami muke yankawa mu goga, idan ya ƙi mu ɗebo toka mai laushi daga murhu mu kwaɓa da ruwa, sannan mu ƙarasa da tsohuwar jarida. Amma abin da ya fi tsare mana gilashi shi ne lokacin wanki. Da asuba muke wanke mota ko bayan la'asar, kuma yaron mota ba ya barin ɗigo ɗaya ya bushe da kansa. Yanzu sai ka ga an jera motoci a tsakar rana cikin watan Afrilu, ana fesa wa ta farko ruwa a wuce ta biyu, kafin a dawo rana ta riga ta gama aikinta.

Mai sa gilashi, Sabon Gari

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar lokacin wanki babu ja a cikinta. Toka ce kawai nake roƙo a bari, domin tokar murhu ba ta rasa yashi, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Haka nan koren gefen soson wanke-wanke da soson ƙarfe na tukwane, waɗannan sun ɓata gilasai fiye da duwatsun hanya. Mai shi ba ya ganin ɓarnar a wurin wanki, sai ranar da ya fuskanci rana tana faɗuwa a hanyar Shika, ya ga gilashin duk zane-zane.

Ga wanda ya kawo tambaya, kafin ka sayi komai ka fara sanin ko tabon a kan gilashi yake ko a cikinsa. Ka wanke wurin, ka ja farcenka a hankali. Idan ka ji abu ya ɗan taso yana kama farce, a kai yake, zai fita. Idan ka ji sumul amma idonka yana ganin shatin zobe, ma'adinan sun riga sun ci saman gilashin, kuma wannan ko ka zuba khal kwalba goma ba zai gusa ba. Idan kuwa farcen ya faɗa cikin layi, karce ne, ba tabo ba.

Game da asid, ni ne ake kawo wa abin da ya rage. Gilashin da asid ya ɓata ina gane shi tun daga nesa, domin hazon yakan bi sawun waifa, inda gilashin ya riga ya sha gugar shekaru, ko ya bi layin da ruwan ya gangara. Mai wanki yana ganin motar a ranar da ta fito tana ƙyalli, ni kuwa ina ganinta bayan an yi mata haka sau uku ko huɗu.

Malamin kimiyya, Samaru

Zan ƙara ɗan bayani a kan yashi, saboda hunturu. A ma'aunin tauri na Mohs, gilashi yana wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7, don haka duk inda suka gogu gilashi ne zai ji jiki. Ƙurar da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Maris, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, cike take da irin wannan ƙwaya. Wanda ya fito da safe ya kunna waifa a kan busasshen gilashi, ko ya share shi da busasshen tsumma, da hannunsa yake karce shi. A zuba ruwa tukuna ƙurar ta gangara.

Mai wankin mota, Kwangila

Malam, na ji bayaninka kuma ban musa ilimin ba, amma ina so a dubi halin da muke aiki a ciki. Yawancin wuraren wanki ba su da rumfa, ruwan da muke da shi na burtsatse ne ko wanda 'yan garuwa suka kawo, kuma yaro a kan yawan motocin da ya wanke ake sallamarsa. Idan na shimfiɗa tsumman khal na tsaya jiran minti 10, na sake, na kuma sakewa, aikin mota ɗaya ya ci lokacin uku, mai motar kuma kuɗin wanki ɗaya zai miƙo. Da masu mota za su yarda cewa cire tabo aiki ne daban da wanki, su bar motar su biya ladansa, babu wanda zai so ya riƙa sa hannunsa a abin da ke cin siminti idan ya zuba a ƙasa.

Malama, Kongo

Salamu alaikum. Ni tawa matsalar daban ce, amma tunda masana sun hallara bari in kawo ta. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro nake ajiye mota a wurin aiki, sai in tarar da wasu ƙananan ɗigo masu ɗanƙo sun rufe gilashin, waɗanda waifa ke shafewa su koma kamar an zuba mai. Ga kuma kashin tsuntsaye da na jemagu da ke bushewa ya ƙanƙame. Sannan ta ciki akwai wani dishi-dishi da ke dawowa duk yadda na goge. Shin khal ɗin zai yi wa waɗannan?

Tsohon direba, Ƙofar Doka

'Yata, wannan mai ɗanƙon darɓa ce, irin wadda ke sauka a ganyen dawa. Ƙananan ƙwari ne a jikin ganyen mangwaron suke tsotso suna zubo da ita. Zaƙi ne a cikinta, don haka ruwa mai ɗumi da sabulu sun ishe ta, muddin ba a bar ta ta sha rana da ƙura na makonni ba. Kashin jemage kuwa kada ki kankare shi a bushe, domin akwai 'ya'yan itace da tsakuwa a ciki. Ki ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, ki ɗauke shi ɗauka, ba shafa ba. Ki fi gaggauta wanda ya sauka a kan fenti, shi ne yake ci da wuri.

Mai sa gilashi, Sabon Gari

Hajiya, dishi-dishin ciki maiƙo ne. Idan mota ta yini a rana a kulle, robar dashbod takan fitar da tiriri ya kwanta a gilashi, kuma man sheƙin da ake shafa wa dashbod a wurin wanki yana ninka shi, haka ma hayaƙin sigari da turare. Sifirit na kemis da tawul mai laushi guda biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na tsanewa, su ne maganinsa, kuma kada ya zama tawul ɗin da aka goge dashbod da shi. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Idan an liƙa wa gilasan baƙar leda, ta ciki take, kuma ruwan goge gilashi mai amoniya yana ɓata ta, reza kuwa yanka ta za ta yi. Gilashin baya ma yana da siraran layukan wuta ta ciki, a bi su a kwance da tsumma, kada a kai musu reza ko da sitika ce ta manne a wurin, domin layi ɗaya ya yanke ya daina aiki.

Direban haya, layin Zariya zuwa Kano

Mu namu tabon na hanya ne. Da damina, tafiyar dare ɗaya ta isa gilashi ya cika da matattun ƙwari, kuma idan rana ta buge su washegari sai sun zama kamar gam. Jiƙawa ce maganinsu, kamar yadda Baba ya faɗa. Kwalta kuwa, wadda ke fantsamowa a inda ake aikin titi, ruwa da khal ba sa yi mata komai, kananzir kaɗan a tsumma ne ke narkar da ita, sannan a wanke wurin da sabulu sosai, in ba haka ba waifa za ta yi ta jan maiƙon ranar da aka yi ruwan sama. Ragowar gam na sitikar haraji da ta ƙungiya ma kananzir ko sifirit ke ɗaga shi. Feshin fenti da busasshen siminti a gilashin gaba ta waje nakan jiƙa su da ruwan sabulu, in kwantar da sabuwar reza in tura ta gaba kawai. Tsohuwar reza mai tsatsa ita ce ke karcewa.

Ɗalibi, Palladan

Ina gaida iyayena da yayyena. Na ga wasu suna amfani da lemon kwalba mai gas, wasu man goge baki, wasu kuma suna haɗa ruwan wankin masai da bilic su ce ya fi ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki?

Malamin kimiyya, Samaru

Na ƙarshen nan kada ka kusance shi, kuma ka hana duk wanda ka gani zai yi. Yawancin ruwan wankin masai asid ne mai ƙarfi, idan ya haɗu da bilic iskar kulorin ke tashi, wadda ke ƙona idanu da huhu, balle a cikin gareji ko cikin mota. Ko shi kaɗai ne, yana cin fenti da ƙarfen waifa da robar da ke riƙe da gilashi. Lemon kwalba yana da ɗan asid, amma sukarin da zai bari ya fi amfaninsa yawa. Man goge baki fari yana da ɗan kaushi mai laushi, yana iya taimakawa a tabo ɗaya ko biyu, ba gilashi guda ba. Masu haɗa khal da bakar hoda ko kanwa kuma su sani cewa kumfar da ke burge su alama ce ta ɗayan ya kashe ƙarfin ɗayan.

Ga Malam mai wanki, maganarka ta lada gaskiya ce, kuma ina goyon bayanka a kanta. Abin da nake roƙo shi ne kada a sayi ruwan da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, a sa wa yara safar hannu ta roba mai kauri, kuma wanda ya zubar wa jikinsa ya wanke da ruwa mai gudu na tsawon lokaci, ya tafi asibiti a ranar ko bai ji zafi ba, ya faɗa musu abin da ya taɓa shi.

Ma'aikaci, Gyallesu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi hanyar khal a inuwa. Gilasan ƙofofi sun fita tas, gilashin gaba ma farin ya tafi, amma idan na haska shi da tocila a karkace ina ganin shatin zobba, sumul a farce, musamman gefen da waifa ba ta kaiwa. Akwai kuma wani fari kamar gajimare a kusurwar ƙasa, wanda ko ta ciki ko ta waje ba na iya taɓa shi.

Mai sa gilashi, Sabon Gari

Yallaɓai, abu biyu ne ka bayyana, ɗaya yana da magani ɗaya babu. Shatin zobban ana iya goge shi da hodar siriyam, wadda masu gilashi ke kwaɓawa da ruwa su murza da injin gugu mai kan auduga. Aiki ne na haƙuri, a riƙa yayyafa ruwa, kada a tsaya wuri ɗaya har gilashin ya yi zafi, domin zafi yana iya tsaga shi. Hodar tana cin gilashi ne ƙanƙani ƙanƙani, saboda haka tana ɗauke shati mara zurfi, amma karcen da farce ke faɗawa ciki idan aka nace sai an shafe shi wurin zai lotsa, direba ya riƙa ganin hanya a karkace, wanda ya fi karcen haɗari.

Farin kusurwa kuwa ba tabo ba ne. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar leda a tsakani, ita ce ke riƙe shi idan ya fashe, saɓanin na ƙofofi da ke wargajewa ƙanana. Idan danshi ya shiga ta gefe, ledar takan saki ta yi fari, kuma babu abin gogewa da zai kai gare ta. Muddin yana can kusurwa ka bar shi kana lura da shi, ranar da ya fara hawowa inda kake kallo sai canji.

Tsohon direba, Ƙofar Doka

Ni dai shawarata kada ya yi saurin canji. Gilashin da mota ta zo da shi daga kamfani, ko ya tsufa, sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, kuma na ga motocin da suka fara yoyo da ƙugin iska tun daga ranar da aka cire musu na asali. A gwada gugar tukuna. Ya kuma canza robar waifa kafin ruwan farko, domin zafin bazara yana busar da ita, idan ta yage ƙarfen ne zai ja masa baka a gilashi, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

Malamin kimiyya, Samaru

Akwai wurin da ake mantawa, wato tankin ruwan waifa. Mutum zai sha wahalar cire tabo, sannan ya cika tankin da ruwan burtsatsen nan da garin sabulu, ya riƙa fesa wa gilashi mai zafi a kan hanya, kuma ma'adinan nan ne ke toshe bakin feshin. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan rufin ya wanku, ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki idan an tace, ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, duk ba su da ma'adinan. A tabbatar tataccen ruwa ne aka karɓa ba asid ɗin batir ba, domin a shago ɗaya ake sayar da su. Kuma gilashin da dutse ya taɓa, ko ƙanƙanin tauraro ne a jikinsa, kada a watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, nan take tsagar za ta gudu.

Mai sa gilashi, Sabon Gari

Baba ya yi gaskiya a kan gilashin asali, yoyon da yake faɗa kuwa yawanci daga wajen sawa ne, an bar tsatsa a bakin ƙarfen ko an yi rowar gam. Idan canjin ya zama dole, a duba hatimin da ke kusurwar sabon gilashin, a nemi alamar AS1 ko harafin E a cikin da'ira, a kuma ɗaga shi a kalli layin da yake miƙe ta cikinsa, kamar turken wuta, a ga ko yana lanƙwashewa. Bayan an sa, a bar tagogi a ɗan buɗe, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada kuma a kai motar wurin injin feshi sai gam ya kwana ya kama.